Yadda Ake Zaɓen Fannin Karatun Kasuwanci ga Mai Sauya Sana'a da Ke Shirin Komawa Legas

Na daɗe ina zaune a Legas, kuma da wuya shekara ta fita ba tare da wani ɗan'uwa daga Arewa ya kira ni, ko ya tare ni bayan sallar Juma'a a Agege, da magana iri ɗaya ba: ya gaji da aikin da yake yi, yana son ya dawo Ikko da zama, an kuma ba shi shawarar ya ƙaro karatu a fannin kasuwanci, to wane ɓangare zai ɗauka? Ni ma ta wannan hanya na biyo, daga koyarwa a makarantar sakandare zuwa aikin sayo kaya da jigilarsu, kuma na tafka kuskuren da ya cinye mini shekara guda da kuɗin da na jima ina tarawa. Tsarin da ke ƙasa shi nake bi da duk wanda ya zo mini, namiji ko mace, kuma ginshiƙinsa guda ne: ana fara gano aikin da ake so a yi, sannan a dawo a nemi kwas ɗin da zai kai mutum gare shi.

Kayan da za ka tanada

Takardu ne kan gaba. Kana buƙatar sakamakon WAEC ko NECO mai kiredit biyar, ciki har da Turanci da Lissafi, da shaidar digirinka ko babbar difloma ta HND, da takardar kammala bautar ƙasa ta NYSC ko wadda ta nuna an ɗauke maka ita, da sunayen mutum biyu ko uku da za su rubuta maka wasiƙar shaida. Sai cikakken sakamakon karatunka na shekara-shekara, wanda ake kira taranskirif, kuma shi ne ya fi kowace takarda wahalar samu, domin tsohuwar makarantarka ce za ta aika da shi kai tsaye, wani lokaci kuma sai an shafe watanni ana bin sawu. Ka fara nemansa tun kana gida, tun kana iya taka ƙafa ka je ofishin da kanka.

Ka shimfiɗa takardun nan a kan tabarma ka duba sunanka ɗaya bayan ɗaya. Mu Hausawa muna yawan faɗawa wannan rami: a WAEC an rubuta Muhammadu, a digiri Mohammed, a katin NIN kuma an ƙara sunan garinku a ƙarshe. Idan akwai saɓani, ka yi takardar rantsuwa a kotu ka daidaita kafin ka tashi, don a Legas ma'aikacin rajista bai san cewa Muhammadu da Mohammed mutum ɗaya ne ba, ba kuma zai tsaya jin bayaninka ba.

Bayan takardu kana buƙatar littafin rubutu mai kauri ko shafin Excel, da waya mai isasshen data, da asusu a LinkedIn da Jobberman, da manhajar Google Maps. Na ƙarshe, ka nemi mutum uku da suke aiki a Legas a yanzu, waɗanda za su ɗaga wayarka. Idan ba ka san kowa ba, ƙungiyar tsofaffin ɗaliban jami'arku ko masallacin unguwar da za ka sauka za su haɗa ka da wani.

Mataki na 1: Rubuta abin da ka zo da shi

Ka buɗe shafin farko ka rubuta ayyukan da hannunka ya taɓa yi, ba sunan muƙaminka ba. Malamin makaranta kada ya rubuta "malami" ya tsaya. Ya rubuta cewa ya tsara jadawalin malamai, ya riƙe rajistar kuɗin jarrabawa, ya horar da sababbin malamai. Wanda ya yi aikin gona ya rubuta cewa ya san lokacin da masara ke faɗuwa a kasuwar Dawanau da lokacin da take tashi, ya san dillalai, ya san yadda ake loda tirela. Injiniya ya rubuta kwangilolin da ya sa wa ido da kuɗin da ya lissafa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne mutum ya ɗauki shekarunsa na baya a matsayin asara da yake son binnewa. Mai ɗaukar ma'aikata ba ya biyan kuɗi mai kyau ga ɗan shekara talatin da biyar da ya zo fanko kamar wanda ya gama bautar ƙasa jiya, alhali ga matasa nan birjik da za su karɓi rabin albashin. Da tsohuwar zuma ake magani: fannin da ya dace da kai shi ne wanda zai hau kan tsohon aikinka ya zauna daram.

Mataki na 2: Tara tallan guraben aiki

Wannan shi ne matakin da ya fi kowane muhimmanci, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Ka ware mako biyu kana shiga LinkedIn da Jobberman da shafukan kamfanoni, kana tace binciken zuwa Legas kaɗai, har ka tara talla talatin zuwa arba'in na ayyukan da za ka iya yi da zuciya ɗaya. Kowane talla ka ba shi layi guda, ka raba layin gida shida: sunan aikin, unguwar da ofishin yake, digirin da aka nema, takardar ƙwararru da aka ambata, shekarun gogewa, da manhajar kwamfutar da ake so mutum ya iya.

Idan ka gama, ka ɗauki biro ja ka zagaye duk kalmar da ta maimaitu. Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Sau da yawa za ka tarar gurbin akanta ya fi damuwa da takardar ƙwararrun akantoci ta ICAN ko ACCA fiye da MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci, gurbin kula da ma'aikata yana neman takardar cibiyar ƙwararrun wannan fanni, CIPM, na ma'ajiyar kaya da jigila kuma yana tambayar ko ka iya Excel sosai, ko ka taɓa aiki da manhaja irin su SAP. Wasu tallan ma iyakar shekarun haihuwa suke sawa, musamman na shiga banki daga matakin farko, kuma gara ka san wannan tun yanzu da ka sani bayan ka biya kuɗin makaranta.

Daga nan ka kira mutanenka uku. Kada ka tambaye su wane kwas ne ya fi kyau, domin kowa nasa zai yaba. Ka tambaye su wa aka ɗauka aiki na baya-bayan nan a sashensu, me ya karanta, kuma daga ina ya zo. Idan ba ka da intanet mai ƙarfi a inda kake, jaridun da ke buga tallan aiki da waɗannan kiraye-kirayen za su wadatar, sai dai aikin zai ɗan ja lokaci.

Mataki na 3: Auna fannonin da ma'aunin Legas

Yanzu ka ɗora shafin mataki na 1 a kan na mataki na 2 ka ga inda suka haɗu. Ga yadda nake kallon manyan fannonin.

Aikin akanta shi ne mai hanya mafi bayyana, domin kowane kamfani, babba ko ƙarami, yana buƙatar mai riƙe masa littafi da mai shirya masa haraji. Amma ka sani cewa mabuɗinsa jarrabawar ICAN ce, cibiyar da aka kafa a 1965 mai hedkwata a Victoria Island, kuma matakai uku gare ta. Wanda bai karanci akanta a digirin farko ba zai fara ne daga matakin tushe, wanda ya karanta kuwa akan yafe masa wasu darussa. Tafiya ce ta shekaru, ta mai haƙurin zama da alƙaluma.

Fannin kuɗi da zuba jari shi ne mai ƙyalli, kuma shi ya ruɗe ni. Hedkwatocin manyan bankuna da dama suna Victoria Island da Marina, kasuwar hannun jari ta NGX tana tsibirin Legas, mutum ya ga gilasai da kwat sai ya ji nan ne wurin zuwa. Na yi rajista a wannan fanni ba tare da na taɓa karanta tallan aiki ko ɗaya ba, sai da na yi zango biyu na gane cewa waɗanda zan yi gogayya da su sun shiga banki tun suna 'yan ashirin da wani abu, wasunsu kuma sun yi nisa a jarrabawar ƙwararrun masu nazarin zuba jari ta CFA mai matakai uku. Idan tsohon aikinka ba shi da alaƙa da lissafi ko tattalin arziki, ka yi dogon tunani. Akwai reshe guda da ɗan Arewa ke da ɗan rinjaye a cikinsa, wato harkar kuɗi marar ruwa. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko, wato takardun zuba jari marasa ruwa, a 2017, ga kuma kamfanonin takaful, wato inshorar Musulunci. Wanda ya karanci shari'a ko fiƙihun mu'amala zai iya ɗora wannan a kai, kuma Jami'ar Bayero tana da cibiya ta musamman kan bankin Musulunci. Sai dai ka lura cewa hedkwatar Jaiz da ta TAJ a Abuja suke, Lotus ne ke da tasa a Legas, saboda haka ka duba ko ƙaurar taka ta nufi garin da ya dace.

Sayo kaya da jigilarsu da sarrafa ma'ajiya shi ne fannin da nake ganin 'yan'uwanmu sun fi raina shi alhali ya fi dacewa da da yawansu. Legas gari ne na kaya: ga tashar jiragen ruwa ta Apapa da ta Tin Can, ga sabuwar tasha mai zurfi ta Lekki da ta fara aiki a 2023, ga matatar man Dangote a Ibeju-Lekki, ga masana'antun Ikeja da Ilupeju, da na Agbara da Ota a jihar Ogun da ke maƙwabtaka. Ka je kasuwar Mile 12 da asuba ka tsaya gefe. Za ka ga tireloli daga Kano da Kaduna da Jos ana sauke kwandunan tumatur, ruwan waɗanda suka matse a ƙasa yana tsiyaya ta gindin kwando, dillali yana ɗaga ganyen da aka rufe saman da shi yana karya farashi, mai kaya kuma yana lissafin kwanakin da motar ta yi a hanya. Duk abin da ake koyarwa a aji game da asarar kaya, da tsara lokacin isowa, da zaɓen mai kawo kaya, ga shi nan a fili. Kamfanin da ke sarrafa abinci yana buƙatar mutumin da zai iya magana da manomi a Ɗanja da harshensa, ya kuma rubuta rahoto da Turanci a Ikeja. Nan na koma daga baya, kuma takardun ƙwararru na wannan layi su ne na CIPSMN, cibiyar masu sayo kaya, da CILT, cibiyar masu jigila da sufuri.

Fannin tallace-tallace yana da guraben aiki da yawa, amma yawanci akan ɗora wa mutum adadin cinikin da dole ya kawo duk wata, kuma wanda zai yi yawon kasuwanni yana buƙatar Turancin buroka mai kauri da ɗan Yarbanci. Kula da ma'aikata ya dace da tsofaffin malamai da ma'aikatan gwamnati, kuma cibiyar CIPM tana Alausa a Ikeja. Nazarin alƙaluman kasuwanci ya dace da wanda ya karanci lissafi, kimiyya ko injiniyanci, sai dai a nan abin da ka iya yi a gaban kwamfuta ya fi takarda magana. Gudanarwa ta gaba ɗaya, wadda ba ta karkata ko'ina ba, ta mai kamfaninsa ce ko wanda ake shirin ƙara wa girma a inda yake. Mai sauya sana'a ya guje ta, don ba ta gaya wa mai ɗaukar aiki kujerar da zai zaunar da shi.

Ka fita daga wannan mataki da fanni biyu kacal, na farko da na ko-ta-kwana.

Mataki na 4: Tantance matakin karatun

Mai HND, ko mai digiri mai daraja ta uku, galibi sai ya bi ta difloma ta gaba da digiri, wato PGD, kafin a karɓe shi a digiri na biyu, haka ma wanda karatunsa na farko ya yi nisa da kasuwanci idan MSc, wato digiri na biyu na bincike, yake nema. MBA na masu aiki ne, ana karɓar mutane daga fannoni daban-daban, wasu makarantu kuma suna sharɗanta shekarun gogewa da jarrabawar shiga. MSc na mai son zurfin bincike ne, kuma idan kana da burin digiri na uku ko koyarwa a jami'a, shi za ka ɗauka, domin jami'o'in Nijeriya da dama ba sa ɗaukar MBA a matsayin tsanin zuwa can.

Akwai kuma hanya ta uku da nake yawan ba masu ƙaramin ƙarfi shawara: idan jan bironka ya fi zagaye takardar ƙwararru fiye da digiri, ka fara da ita. Ana biyan kuɗinta kashi-kashi, ana karatunta da dare ko ƙarshen mako, kuma digirin ba zai gudu ba.

Mataki na 5: Zaɓi makaranta da taswira a hannu

A Kano ko Zariya mutum yakan zaɓi makaranta sannan ya yi tunanin hanya. A Legas hanyar ce ke yanke hukunci. Jami'ar Legas, wadda aka kafa a 1962, tana Akoka kusa da Yaba. Jami'ar Jihar Legas, ta 1983, tana Ojo a kan hanyar Badagry, ba nisa da Alaba Rago. Lagos Business School ta Jami'ar Pan-Atlantic tana Ajah a kan hanyar Lekki zuwa Epe, tana da suna a wurin manyan kamfanoni, kuɗinta kuma ya ninka na jami'o'in gwamnati nesa ba kusa ba. Jami'ar karatu daga gida ta NOUN tana da cibiyoyi a cikin gari, Jami'ar Ahmadu Bello kuma tana da cibiyar karatu daga nesa da ke ba da MBA ta intanet, wanda zai ba ka damar farawa tun kafin ka ƙaura.

Ka sa ɗigo uku a Google Maps: inda za ka kwana, unguwar da yawancin tallan aikinka suka nuna, da makarantar. Ka duba tsawon tafiyar da ƙarfe biyar na yammacin ranar aiki, ba da hantsin Lahadi ba. Na sha zama a cikin danfo a kan gadar Third Mainland, takardar darasi a kan gwiwata, gumi yana ɗiga a kanta, ajin ƙarfe shida ya fara ni kuwa ban ko hango ƙarshen gadar ba. Yanzu an samu sauƙi ta wasu ɓangarori: jirgin ƙasa na Jan Layi, da ya fara ɗaukar fasinja a 2024, yana bi ta Agege da Ikeja da Oshodi da Mushin da Yaba har Oyingbo, Shuɗin Layi kuma tun 2023 yana haɗa Marina da Mile 2, kuma da katin Cowry ake biya kamar a motocin BRT. Mazaunin Agege ko Idi-Araba zai iya haɗa aiki da karatu a Akoka. Amma ya ce zai riƙa zuwa Ajah da yamma daga can, wannan ganganci ne. Kada kuma ka sa acaɓa a lissafinka, domin tun 2022 an hana shi a ƙananan hukumomi da dama, ciki har da Ikeja da Surulere da Apapa da Eti-Osa.

Kafin ka biya ko kobo, ka shiga shafin Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ka tabbatar makarantar tana cikin jerin waɗanda aka amince da su, kuma an ba ta izinin koyarwa daga nesa idan ta wannan hanya za ka bi. Za ka gamu da masu tallan digirin gaggawa daga Kwatano, da yake kan iyaka ba nisa. Ka tuna cewa a watan Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Jamhuriyar Benin da Togo.

Mataki na 6: Jera abubuwan a kan lokaci, ka yi lissafin kuɗi

Sauya sana'a, sauya gari da komawa aji abubuwa uku ne masu nauyi, kuma taura biyu ma ba ta taunuwa, balle uku. Jerin da na ga ya fi aiki shi ne mutum ya fara zuwa Legas shi kaɗai, ya sauka wurin ɗan'uwa, ya kama wani aiki mai kama da tsohon nasa ko da albashin bai kai ba, ya yi wata shida yana koyon gari, sannan ya shiga makaranta, iyali kuma su biyo baya idan ƙafa ta kafu. Ma'aikacin gwamnati ya binciki yiwuwar hutun karatu, ko da ba albashi, kafin ya rubuta takardar ajiye aiki. Idan kuma ba ka da wurin sauka, ka fara karatun daga nesa kana gida, ka ƙaura a shekara ta biyu da rabin digiri a hannu.

A lissafin kuɗi, haya ce ke karya mutane. Masu gida a Legas kan nemi kuɗin shekara guda a dunƙule, ga kason ejan, ga kuɗin rubuta yarjejeniya, ga na ajiya saboda ɓarna. Dokar haya ta jihar ta 2011 ta hana a karɓi fiye da shekara guda daga sabon ɗan haya a yawancin unguwanni, saboda haka wanda ya ce sai ka biya shekara biyu kana da abin faɗa masa. Kada ka tura wa ejan kuɗi daga Arewa kan hoton ɗaki. Ka je da ƙafarka, zai fi kyau da damina, ka ga inda ruwa ke tsayawa. A gefen haya ka rubuta kuɗin makaranta na duk tsawon karatun, da kuɗin mota, da data, da littattafai, da abin da kake turawa gida duk wata, sannan ka ware abin da zai riƙe ka wata shida ba tare da albashi ba. Idan lissafin bai rufe ba, ka sauko zuwa makaranta mai sauƙi ko takardar ƙwararru. Kada ka ci bashi mai nauyi a kan aikin da ba ka riga ka samu ba.

Mataki na 7: Gwada, sannan ka yi rajista

Kafin ka cike fom, ka ba fanninka na farko wata guda na gwaji. Ka nemi jadawalin darussansa daga sashen, ka ɗauki darasin da ya fi ba ka tsoro, ka bi shi a YouTube ko Coursera awa ɗaya kullum bayan sallar Isha'i. Ka kuma roƙi ɗaya daga mutanenka uku ya bar ka ka wuni a wurin aikinsa. Idan bayan wata guda kana jan ƙafa wajen buɗe littafin, ka koma kan na ko-ta-kwana ka maimaita gwajin.

A shirye-shiryen MBA da yawa, zangunan farko darussan kowa da kowa ne, sai daga baya ake rabuwa zuwa fannoni. Ka tambayi sashen yaushe ake wannan rabuwa, ko ana yarda a canja bayan an zaɓa, da kuma ko fannin da kake so an koyar da shi a zangon da ya wuce, domin wani fannin yana cikin ƙasidar makaranta ne kawai, idan ɗalibai ba su kai adadi ba sai a haɗe su da wani. Ka tambayi ranakun darasi, musamman idan akwai na Juma'a da rana, da kuma ainihin abin da za a rubuta a kan takardar shaida.

Idan takardar shiga ta fito, ka biya kuɗi ta hanyar da makarantar ta bayyana a shafinta kawai, ka adana rasit na takarda da hotonsa a waya. Tun makon farko ka fara tunanin batun kundin bincikenka na ƙarshe, ka ɗauko shi daga inda tsohon aikinka da sabon suka haɗu, misali asarar tumatur tsakanin Kadawa da Mile 12, ko yadda 'yan kasuwar shanu na Oko-Oba ke hulɗa da banki marar ruwa, domin wannan kundi shi za ka ajiye a kan tebur ranar ganawar neman aiki idan aka tambaye ka abin da ka taɓa yi a sabon fannin.